Feshin Ƙwayoyi a Cikin Wutar da Ba Ta Daidaita Ba: Darasi Daga Hazon Hanyar Maigatari

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gumel zuwa Maigatari da asubahin ranar Alhamis, a tsakiyar hunturu, ya san abin da hazo yake yi wa fitilar mota. Hasken da ya saba miƙewa ɗoɗar kamar mashi, sai ka ga ya dushe tun bai yi nisa ba, ya kuma baje gefe da gefe kamar an watsa gari. Gogaggen direba ba ya bukatar ya sauka ya auna ƙurar da iska ta kwaso tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Da ya dubi inda haskensa ya tsaya, da yadda ya baje, ya san kaurin hazon da ke gabansa.

Ɗalibi ya riƙe kalmomin nan guda biyu, wato dushewa da bajewa, domin a kansu aka gina wannan darasi. Da irin wannan dabara ta direba masana Fiziks suke auna abu mafi zafi da ɗan Adam ya taɓa samarwa a ɗakin bincike. Fitilarsu ita ce abin da za mu kira feshin ƙwayoyi. Hazonsu kuwa wata wuta ce da take samuwa idan aka gwara cibiyoyin atam masu nauyi. Tambayar da za mu bi ita ce: me yake faruwa da feshin a farkon lamarin, lokacin da wutar ba ta gama daidaita ba?

2.0 Daga Atam Zuwa Kwak

Kowane abu, daga ƙwayar riɗi zuwa jikin mai karatu, da atam aka gina shi. A tsakiyar atam akwai cibiya, ilaktoron kuma suna kewaye da ita. Cibiyar ƙarama ce ainun. Da za a faɗaɗa cibiyar atam ɗin dalma ta kai ƙwayar gero, faɗin atam ɗin kansa zai kai kamar rabin tsawon filin ƙwallo. Ta hanyar harbi da lura da bajewa aka gano ta. A shekarar 1909, a Jami'ar Mancesta ta Ingila, Hans Geiger da Ernest Marsden suka riƙa harba ƙananan ƙwayoyi a kan fallen ƙarfe mai sirantaka, suka ga yawancinsu suna wucewa, amma ɗaya cikin dubbai yana dawowa da baya. Daga nan ne Ernest Rutherford ya bayyana a 1911 cewa lalle akwai wani dunƙule mai nauyi a tsakiya.

A cikin cibiya akwai furoton da niyutoron. Cibiyar zinariya tana da furoton 79 da niyutoron 118. Ta dalma da ake gwaji da ita tana da furoton 82 da niyutoron 126, jimla 208. A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa ta hanyarsa, suka kawo ra'ayin cewa furoton da niyutoron su ma an gina su ne da wasu ƙwayoyi uku-uku da ake kira kwak. Abin da yake ɗaure kwak da ɗan'uwansa shi ne guluwon, wanda sunansa ya samo asali daga kalmar da ke nufin danƙo. Nauyin su kwak ɗin bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na nauyin furoton ba. Sauran duk daga kuzarin wannan ɗauri yake fitowa. Ke nan kusan dukkan abin da sikeli yake nunawa idan ɗalibi ya hau shi, ko aka ɗora buhun gero, aikin guluwon ne.

Wani abin mamaki shi ne ba a taɓa kama kwak shi kaɗai ba. Ɗauki igiyar guga, ka ce kana son baki ɗaya tak. Da ka yanke ta, sai ka sami igiya biyu, kowace da baki biyu. Haka abin yake a nan. Idan aka fizgi kwak da ƙarfi, ɗaurin yana miƙewa har ya tsinke, kuzarin fizgar kuma ya rikiɗe ya zama sababbin kwak a wurin tsinkewar. Sai dai a 1973 David Gross da Frank Wilczek da David Politzer suka gano cewa ɗaurin yana sassautawa idan kwak suka matsu da juna ƙwarai, ko kuzarinsu ya yi yawa. Wannan aiki ya jawo musu kyautar Nobel a 2004. Ya kuma sa aka yi tsammanin cewa idan zafi ya kai wani matsayi, furoton da niyutoron za su narke, kwak da guluwon su cakuɗe su zama abu guda. Shi ake kira filasmar kwak da guluwon.

3.0 Yadda Ake Hura Wutar

Lissafi ya nuna narkewar tana faruwa a wajen digiri 1,800,000,000,000, wato kusan tiriliyan biyu. A watan Afrilu zafin Gumel yakan haura digiri 40 mu ce mun sha wuya. Tsakiyar rana kanta digiri miliyan 15 ce. Masana sararin samaniya sun lissafa cewa duniya baki ɗaya ta kasance cikin irin wannan yanayi a farkon samuwarta, shekara biliyan 13.8 da suka wuce, na tsawon kamar kashi goma cikin miliyan na daƙiƙa.

Don a sake samar da shi, sai a tuɓe wa atam mai nauyi dukkan ilaktoron ɗinsa, a kora cibiyar a cikin bututu mai siffar zobe har gudunta ya kusa na haske, sannan a haɗa ta gaba da gaba da wata. Manyan injina biyu ne suka yi fice a wannan aiki. Na farko shi ne RHIC na cibiyar bincike ta Brookhaven a jihar Niyok ta Amurka, mai kewayen kilomita 3.8, wanda ya fara gwara zinariya a shekarar 2000. A 2010 aka sanar da cewa zafin da ya samar ya kai digiri tiriliyan huɗu, wato ninkin na tsakiyar rana sau 250,000. Na biyu shi ne LHC na hukumar CERN, a kan iyakar Faransa da Suwizalan kusa da birnin Janiba. Kewayensa kilomita 27 ne, yana ƙarƙashin ƙasa da zurfin kamar mita 100. Mai tafiya a ƙasa zai shafe fiye da awa biyar kafin ya zagaye shi. Ya fara gwara dalma a watan Nuwamba na 2010.

Wutar da ake samu ƙanƙanuwa ce, kuma ba ta jimawa. Ma'aunin tsawo a nan shi ne fami. Idan aka raba mita ɗaya gida biliyan, aka sake raba kowane gida sau miliyan, kowane yanki shi ne fami ɗaya. Faɗin cibiyar dalma kamar fami 14 ne. Ma'aunin lokaci kuwa shi ne tsawon lokacin da haske yake ɗauka ya ratsa fami ɗaya, za mu kira shi fami na lokaci. Rayuwar wutar duka kamar fami goma ce na lokaci. In ana son a rubuta wannan da daƙiƙa, sai a rubuta sifili, a sa ɗigo, a jera sifili 22, sannan a rubuta 3. Ba ma'aunin zafin da za a iya tsomawa a ciki, ba kuma kyamarar da za ta ɗauki hotonta. Dole fitilar ta kunnu daga cikin hazon kansa.

4.0 Mene Ne Feshi?

A daidai lokacin karon, jefi-jefi akan sami kwak ko guluwon biyu su yi mummunan karo, su fallatsa baya da baya, kowanne ɗauke da kuzari mai yawa. Da yake kwak ba ya tafiya shi kaɗai, yana cikin gudu yana tsattsagewa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har ya isa na'urar ganowa a matsayin tarin ƙwayoyi da suka nufi gefe guda, kamar ruwan da ke fita daga bakin mesa. Wannan tari shi ne feshi. An fara ganin sa a 1975 a Stanford ta Amurka. A 1979 kuma aka ga feshi uku a lokaci guda a cibiyar DESY ta Hambug a Jamus, wanda shi ne shaidar farko ta samuwar guluwon.

Ana auna kuzarin feshi da GeV. GeV ɗaya shi ne kuzarin da ilaktoron yake samu idan ya ratsa bolt biliyan ɗaya, kuma ya yi kusa da kuzarin da ke dunƙule a nauyin furoton guda. Ƙwayoyin da ke cikin wutar kuzarinsu yawanci bai wuce GeV ɗaya ba, feshi kuwa yakan kai GeV 100 ko fiye.

A 1982 James Bjorken ya yi hasashen cewa idan har wutar ta samu, za ta shanye kuzarin feshin da ya ratsa ta. Mu kwatanta da mahaya biyu da suka zabura daga gefen kasuwar Maigatari, baya da baya, kowanne da buhun gero buɗe a bayan sirdi. Na farko ya nufi waje, nan da nan ya fita fili da buhunsa cike. Na biyu ya nufi tsakiyar kasuwa, sai ya ratsa cunkoson mutane da shanu da raƙuma. Kowace bangaza tana kautar da shi kaɗan daga hanyarsa, wannan ita ce bajewa. Kowace bangaza kuma tana zubar masa da gero, wannan ita ce dushewa. A wajen kwak, geron da ke zuba guluwon ne da yake saki saboda bangazar, kuma ta nan ne mafi yawan kuzarin yake tafiya.

A tsakanin 1996 da 1997 Baier da Dokshitzer da Mueller da Peigné da Schiff, da kuma Zakharov a nasa ɓangaren, suka nuna wani abu da ya saɓa wa tunanin farko. Sakin guluwon yana ɗaukar lokaci, kuma duk bangazar da aka sha a cikin wannan lokaci haɗuwa take yi ta zama ɗaya. Saboda haka a wuta mai yanayi iri ɗaya, idan tsawon hanya ya ninka sau biyu, asarar takan ninka kamar sau huɗu.

5.0 Gani Ya Kori Ji

Yadda ake tabbatar da dushewa shi ne a ƙirga. Idan cibiyoyin dalma biyu suka haɗu daidai tsakiya, ana samun karo fiye da 1,500 tsakanin furoton da niyutoron ɗinsu. In babu wutar da ke tare hanya, ƙwayoyi masu babban kuzari da za su fito ya kamata su ninka na karon furoton biyu da wannan adadi. Sai a raba abin da aka gani da abin da aka yi tsammani. In amsar ta zama 1, ba abin da ya ɓace.

Ƙungiyar PHENIX a RHIC ta sami kamar 0.2 a karon zinariya, wato huɗu cikin biyar sun ɓace. A 2003 ƙungiyar STAR ta bayyana cewa idan aka ga ƙwaya mai kuzari a gefe ɗaya, abokiyar tafiyarta ta ɗaya gefen ba ta bayyana. Mahayi na biyu ke nan ya maƙale a kasuwa. A wannan shekarar aka gwara ƙaramar cibiya da zinariya, inda ba a samun babbar wuta, sai abokiyar ta dawo. A ƙarshen 2010 ƙungiyar ATLAS a LHC ta ga feshi biyu baya da baya, ɗaya cikakke ɗaya ramamme. A 2011 ƙungiyar CMS ta bi sawun kuzarin da ya ɓace, ta same shi a cikin ɗimbin ƙwayoyi marasa ƙarfi da suka warwatsu nesa da hanyar feshin. Geron bai ɓata ba, yana nan a watse a ƙasan kasuwa. Bugu da ƙari, ƙwayar haske da ƙwayar da ake kira Z, waɗanda ɗaurin guluwon bai shafe su ba, suna fitowa cif-cif, amsarsu 1.

6.0 Lissafin Bajewa

Masana sun tara ƙarfin bangazar wuta a cikin adadi guda, harafin q mai hula. Ga ma'anarsa. Ka ɗauki ƙarfin tafiyar da kwak ya samu ta gefe, ka ninka shi da kansa, ka raba da tsawon hanyar da ya yi. Dalilin ninkawa da kansa shi ne bangazar dama da ta hagu suna soke juna, don haka kaucewar tana ƙaruwa ne a hankali, daidai da tushen murabba'in yawan bangazar. A 2014 wata haɗakar masana mai suna JET ta kwatanta lissafi da sakamakon gwaji, ta sami kamar 1.2 a RHIC da 1.9 a LHC, a kan kowane fami, a lokacin da wutar take da fami 0.6 da haihuwa.

Alal misali, mu ɗauka adadin 1 ne bai canza ba, hanyar kuma fami 4 ce. Ɗaya sau huɗu, huɗu. Tushen murabba'in huɗu, biyu. Kwak ya sami GeV 2 ta gefe ke nan. In kuzarinsa GeV 100 ne, ya kauce da kashi biyu cikin ɗari, wato digiri ɗaya da ɗan kai. Wannan ya nuna dalilin da ya sa bajewar babban feshi take da wuyar gani, alhali dushewarsa a fili take.

7.0 Kafin Wutar Ta Daidaita

A lura da sharaɗin da ke cikin wancan sakamako: fami 0.6 da haihuwa. Yawancin lissafin da aka yi a da daga nan yake farawa, domin daga nan ne wutar take gudana kamar ruwa, har a 2005 masanan Brookhaven suka sanar da cewa ruwa ne mai ƙarancin kauri fiye da duk wanda aka sani. To amma feshi an haife shi tun a farkon karon. Feshi mai GeV 100 yana samuwa ne cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na fami ba. Me ya ratsa ke nan kafin ruwan ya samu?

Da farko mu fahimci daidaito. Idan uwar gida ta zuba tafasasshen ruwa a kan gasara, a daƙiƙar farko wani gefen ya ƙuna, wani gefen da sanyi, wani wurin da gudaji. Tambayar zafin kunun a lokacin ba ta da amsa guda. Sai ta dama ya haɗe, sannan yake da zafi ɗaya da kauri ɗaya. A harshen Fiziks, abu ya daidaita idan ƙwayoyinsa suna tafiya ta kowace fuska daidai wa daida, kuma adadi ɗaya, wato zafi, ya isa ya bayyana yadda kuzari ya rabu a tsakaninsu. Hazon da ya kwanta ya daidaita. Guguwar da ta taso yanzu a fili ba ta daidaita ba.

Masana sun kasa wannan ɗan lokaci gida biyu.

Mataki na farko shi ne gilasma, sunan da Tuomas Lappi da Larry McLerran suka raɗa a 2006. Saboda tsananin gudu, kowace cibiya takan shafe ta zama kamar faifai, kaurinta ya ragu sau ɗari a RHIC, fiye da sau dubu biyu a LHC. Faifan biyu suna ratsa juna su wuce, sai su bar zaruruwan ƙarfin guluwon a miƙe a tsakaninsu, duk suna kallon fuska ɗaya, wato hanyar bututu. Guluwon sun yi yawa a nan har ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya, sai dai a ɗauke su kamar ƙarfin maganaɗisu. Wanda ya taɓa ratsa gonar gero a Gagarawa ya san bin kunya daban, ƙetare kunya daban. Haka gilasma take, tana da tsari, tsarin kuma yana da fuska. Muddin kwak yana cikin zare ɗaya, turin da yake sha fuska ɗaya yake nufa, ba ya soke kansa. A 2020 Andreas Ipp da David Müller da Daniel Schuh na Jami'ar Fasaha ta Biyana a Ostiriya suka kwaikwayi wannan a kwamfuta. Suka ga q mai hula yana tashi sama da na ruwan sau da yawa na ɗan gajeren lokaci, kuma turin ya fi ƙarfi ta fuskar bututu.

Mataki na biyu shi ne lokacin da zaruruwan suka wargaje suka zama guluwon ɗaya-ɗaya. Har a nan ba a daidaita ba, saboda wutar tana miƙewa da sauri ta fuskar bututu. Ka tsaya a tsakiyar tasha ana watsewa. Masu saurin zuwa arewa da masu saurin zuwa kudu duk sun bar ka, waɗanda suka rage kusa da kai masu kai-da-kawowa ne gabas da yamma. Haka a kowane lungu na wutar ƙwayoyin da suka rage masu tafiya gefe ne, don haka matsinta ta gefe ya fi na tsawo. A 2001 Baier da Mueller da Schiff da Son suka bayyana yadda ake fita daga wannan hali. Manyan guluwon suna sakin ƙanana, ƙananan su fara daidaita a tsakaninsu, sannan su shanye kuzarin manyan. In an lura, wannan ita ce dushewar feshi, sai dai a ƙaramin mataki. Hanyar da wuta take cinye feshi ita ce hanyar da ta bi ta daidaita kanta. A 2015 Aleksi Kurkela da Yan Zhu suka lissafa cewa a cikin kamar fami ɗaya wutar takan fara gudana kamar ruwa, tun ma matsin nata bai zama ɗaya ta kowace fuska ba. A 2023 Boguslavski da Kurkela da Lappi da Lindenbauer da Peuron suka lissafa q mai hula a wannan mataki, suka ga yana sauka a hankali daga babban adadin gilasma zuwa na ruwa, ya haɗa su kamar gada.

Akwai kuma batun gudana. Wutar tana kwarara waje, don haka feshin da ya ƙetare ta yakan karkata ya bi kwararar, kamar hayaƙin da iskar hunturu take kaɗawa. Sadofyev da Sievert da Vitev sun fitar da lissafin wannan a 2021.

8.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Idan cibiyoyi suka gogi juna ba daidai tsakiya ba, wutar takan ɗauki siffar ƙwallon dabino. Feshin da ya bi ta faɗi hanyarsa gajeriya ce, wanda ya bi ta tsawo tasa doguwa ce, don haka an fi samun masu fita ta faɗi. An daɗe lissafin da ya dace da jimlar dushewa yana ba da bambancin fuska ƙasa da wanda aka auna. A 2019 Andres da Armesto da Niemi da Paatelainen da Salgado suka nuna cewa in aka ɗauka feshi ba ya asarar komai a fami 0.6 na farko, lissafi da gwaji suna matsowa kusa. Ga shi kuma lissafin gilasma yana cewa a daidai wannan lokaci ne turi ya fi tsanani.

Yaya za a sasanta su? Wata hanya da masana suke bi ita ce ta tuna cewa bajewa daban, dushewa daban. Turi yana kautar da kwak nan take, amma sakin guluwon yana bukatar lokaci, kuma guluwon mai ɗauke da kuzari mai yawa shi ya fi daɗewa kafin ya rabu. Yana yiwuwa turin farko ya sauya siffar feshi fiye da yadda zai rage kuzarinsa. Muhawarar tana da nauyi, domin in akwai asarar da aka yi a farko aka ɗora wa ruwan, to adadin da aka auna wa ruwan yana bukatar gyara. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Bahaushe, tun daga Laraba ake gane ta.

Don neman hukunci aka koma ga ƙananan cibiyoyi. A karon furoton da dalma, an ga alamun gudana tun 2012, amma ba a ga dushewa a fili ba. A watan Yuli na 2025 LHC ya gwara cibiyoyin oksijin, masu furoton 8 da niyutoron 8. Wutarsu ƙarama ce, rayuwarta gajeriya, saboda haka lokacin rashin daidaito ya cinye kaso mai tsoka na rayuwar. Sakamakon da CMS ta fitar a wannan shekarar ya nuna raguwar ƙwayoyi masu babban kuzari a nan ma, ko da yake ba ta kai ta dalma ba.

9.0 Karon da Ake Yi a Saman Gumel

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan al'amari na Turai ne kawai. Dare da rana furoton da cibiyoyi masu gudu suna zuwa daga sararin samaniya suna karo da cibiyoyin naitirojin da oksijin a can saman iska, wasu da kuzarin da ya fi na LHC nesa ba kusa ba. Ɓaraguzan karon suna zubowa ƙasa. Daga cikinsu akwai ƙwayar da ake kira miyuwon, wadda kamar 10,000 suke ratsa kowace murabba'in mita a minti ɗaya, a rufin makaranta a Sule Tankarkar kamar yadda suke yi a Janiba. Ɗaya daga cikin dalilan gwara furoton da oksijin a LHC a 2025 shi ne a fahimci wannan karo na saman kanmu.

Afirka ma tana ciki. Jami'o'in Afirka ta Kudu suna cikin ƙungiyar ALICE, wadda aka gina musamman don karon dalma, Maroko kuma tana cikin ATLAS. Makarantar Fiziks ta Afirka, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2010, ta zauna a Kumasi a 2012 da Dakar a 2014. Ɗalibin da ya riƙe lissafinsa da kyau yana da ƙofa.

10.0 Aikin Aji

Malami, ko ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke koyon aikin koyarwa, zai iya nuna zuciyar wannan darasi da kwabo guda a filin makaranta. A ja layi a ƙasa. Kowane ɗalibi zai yi taku 16 gaba. Bayan kowane taku a jefa kwabo: in kai ne ya matsa taku ɗaya dama, in wutsiya ce hagu. A ƙarshe a ƙirga takun da ya kauce daga layi, a ninka shi da kansa. Idan ɗalibai 30 ko fiye suka yi, matsakaicin amsarsu zai kusanci 16, tushensa 4. Wannan ita ce wuta mai daidaito.

Sai a sake, amma a jefa kwabon sau ɗaya a kowane taku huɗu, ɗalibi ya matsa ta fuskar da ta fito sau huɗu a jere. Yawan turin bai canza ba, 16 ne. Amma matsakaicin zai kusanci 64, tushensa 8. Wannan ita ce gilasma.

11.0 Kammalawa

A taƙaice, feshi fitila ce da take kunnuwa a cikin wutar kwak da guluwon, dushewarsa da bajewarsa kuma su ne ma'aunin wutar. Gwaje-gwajen RHIC da LHC sun tabbatar da dushewar. Abin da ya rage a warware shi ne rabon fami na farko, inda wutar take da tsari da fuska, ba ta da zafi guda. Direban da ya shiga guguwa kafin ya shiga kwantaccen hazo, in bai raba abin da kowanne ya yi wa fitilarsa ba, zai yi wa hazon ƙiyasin da ba nasa ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a iya ware kwak shi kaɗai?
2. Idan q mai hula 2 ne, hanya kuma fami 8, nawa ne ƙarfin tafiyar da kwak zai samu ta gefe?
3. Kawo bambanci biyu tsakanin gilasma da wuta mai daidaito.
4. A aikin aji, me zai faru in aka jefa kwabo sau ɗaya a kowane taku takwas?
5. Don me karon oksijin ya fi na dalma dacewa da binciken farkon wutar?